Bashi Mai Laushi? Mu Daina Yi wa Kalmar "Soft" Fassara Ɗaya

Ina cikin motar haya daga Zariya zuwa Kano, direba ya kunna rediyo ana labaran rana. Sai mai karanta labarai ya ce gwamnati ta samo "bashi mai laushi" daga ƙasar waje domin gyaran hanyoyi.

Wani dattijo da ke gidan gaba ya waiwayo ya dube mu, ya ce: "Ku 'yan boko, bashi kuma har da mai laushi? Ni dai na san bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma wannan ban taɓa jinsa ba." Wata baiwar Allah a baya ta ce: "Baba, ina jin wanda ba a biya ne." Kowa ya gyaɗa kai, aka shiga wata hirar.

Har muka wuce Kwanar Ɗangora amsar matar nan tana cina. Na yi ƙoƙarin gyarawa, amma maganar rediyo ta fi tawa nauyi a kunnensu. Mota guda ta sauka da fahimtar cewa an ba ƙasarmu kyauta, alhali bashi ne da 'ya'yansu za su biya.

Abin da mai labaran ya fassara shi ne *soft loan* na Turanci. Ra'ayina a fili yake. Kalmar Turanci *soft* ba ta da fassara ɗaya a Hausa, kuma duk malami ko tafinta ko ɗan jarida da ya ɗaure ta da "laushi" ko'ina ya gan ta, yana ɓatar da mutanen da suka amince da shi. A wasu wuraren abin ya tsaya ga rashin daɗin ji. A wasu kuwa ya shafi aljihu da lafiya da rai.

Ka nemi kishiyarta

Kalmar tsohuwa ce, ta fi shekara 1,000 a bakin Ingilishi, kuma 'yar'uwa ce ga *sanft* ta Jamusanci. A farkonta tana nufin abu mai daɗin sha'ani, marar tsanani. Da tafiya ta yi tafiya sai Turawa suka mayar da ita abokiyar tagwaitakar *hard*. Duk inda suke da abu iri biyu, ɗaya mai ƙarfi ko tsada ko hatsari, ɗaya ƙasa da haka, sai su kira na farko *hard*, na biyu *soft*.

Saboda haka dabarar ita ce: in ka ci karo da ita, kada ka tambayi yadda abin yake a hannu. Tambayi kanka, da me ake kwatanta shi?

Ɗauki *soft drink*. Ba wanda ya taɓa matsa lemon kwalba ya ji laushi. Abin da ake nufi shi ne babu barasa a ciki, domin giya mai ƙarfi ita ce *hard*. Iyakar alƙawarin da kalmar ta yi ke nan. Ba ta ce yana da sauƙi a jiki ba. Gwangwanin lemon kola mai mililita 330 yana ɗauke da sukari kimanin giram 35, abin da ya sa Birtaniya ta ɗora wa irin waɗannan abubuwan sha haraji a 2018, Nijeriya ma ta sa naira 10 a kan kowace lita a dokar kuɗi ta 2021. Mai ciwon sukari da aka gaya wa "abin sha ne mai laushi" an cuce shi.

*Soft water* kuma ruwa ne da sabulu ke kumfa a cikinsa nan da nan, saboda ba shi da yawan sinadarin kalsiyam da magniziyam. Mutanen Landan suna fama da kishiyarsa, domin ruwansu ta cikin ƙasa mai alli yake ratsowa, har ya bar farin ɓawo a butar shayi. Mutanen Scotland galibi ba su san wannan matsalar ba. Duk macen da ta taɓa wanki da ruwan wata rijiya ta ga sabulu yana ƙarewa ba kumfa, ta san bambancin ba tare da an kira mata laushi ba.

*Soft copy* takarda ce da ke cikin waya ko kwamfuta, ba a buga ta ba. *Soft currency* kuɗin ƙasa ne da darajarsa ba ta tsayawa, wanda 'yan kasuwar duniya ba sa son riƙewa. Ga kalma guda, a wuri na farko tana nufin "babu giya", a na biyu "yana kumfa", a na uku "ba a buga ba", a na huɗu "ba a yarda da shi ba". Ina laushi a nan?

Mu koma kan bashinmu. *Soft loan* rance ne mai rangwame: kuɗin ruwansa kaɗan ne ko babu, wa'adin biyansa dogo, kuma akan ɗaga wa mai karɓa ƙafa na wasu shekaru kafin ya fara biya. Bankin Duniya yana da reshe na musamman da aka kafa a 1960 domin bai wa ƙasashe matalauta irinsa, wani lokaci a biya cikin shekara 30 ko fiye. Da mai labaran nan ya ce "bashi mai sauƙin sharuɗɗa, wanda za a biya cikin shekaru masu yawa", da dattijon nan ya gane, da matar nan ba ta zaci kyauta ba ce.

Inda kalmar ke zama zagi

Wannan ɓangaren shi ne ɗalibanmu suka fi faɗa wa rami. An koya musu tun firamare cewa *soft* abu ne mai daɗi, kamar katifa da auduga, sai su ɗauka duk wanda aka kira da ita yabonsa aka yi.

Wani lokaci haka ne. *Soft-spoken* mutum ne mai tattausan lafazi. *Soft-hearted* mai tausayi ne. In Bature ya ce yana da *soft spot* a kanka, yana nufin kana da wani gurbi a zuciyarsa, ba ya iya yi maka tsanani. Da wannan lafazin dai suke kiran maɗigar jariri, kuma ina ganin hikima a haɗin: wurin da ake ƙauna shi ne wurin da ba shi da kariya.

Amma in ya ce kai *soft touch* ne, ya ce kai ne wanda kowa ke yi wa daɗin baki ya karɓe kuɗinsa. In ya ce wane *soft in the head* ne, ya ce da sauransa, kansa ba daidai ba. A arewacin Ingila, musamman Liverpool, in an kira yaro *soft lad* ana nufin wawa ne ko sakarai, ko da cikin wasa aka faɗa. Mutanen arewacin ƙasar kuma suna tsokanar na kudu da cewa su *soft* ne, wato ragwaye, ba sa jure sanyi da wahala. Tsallaka zuwa Ireland, *soft day* rana ce ta yayyafi da lumshi, babu zagi babu yabo.

A siyasa kalmar makami ce. A Amurka ta shekarun 1950, ka ce ɗan siyasa *soft* ne a kan kwaminisanci, ka kusa gama da shi. A zaɓen shugaban ƙasa na 1988, magoya bayan George Bush babba sun yi ta liƙa wa Michael Dukakis cewa *soft on crime* ne, wato yana yi wa masu laifi sako-sako, kuma tambarin ya bi shi har ya faɗi zaɓe. Wanda ya fassara wannan da "mai taushin zuciya ga masu laifi" ya mayar da tuhuma ta zama yabo. Kalmar da ta dace ita ce sakaci, ko sako-sako, ko rauni.

Akwai wani raini da ke ɓoye a ƙarƙashin wannan duka, kuma shi ya fi damuna. A yawancin tagwayen nan na Turanci, *hard* shi ne na gaske, *soft* shi ne na biyu. Kimiyyar lissafi da sinadarai *hard* ce, nazarin halayyar al'umma *soft*. Labarin yaƙi da kasafin kuɗi *hard* ne, labarin rayuwar mutane *soft*. Har iya zama da jama'a, da sauraro, da haƙuri, da iya sasanta rigima, sun tattara su sun kira *soft skills*, lafazin da ya fito daga horon sojan Amurka a wajajen farkon shekarun 1970, don bambanta su da iya sarrafa na'ura.

Mu kuwa ba haka muka ɗauki waɗannan halaye ba. Mu ne muke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mu ne muke karanta cewa da Allah ya aiki Annabi Musa da Annabi Haruna, amincin Allah ya tabbata a gare su, zuwa ga Fir'auna, ya umarce su da su yi masa magana mai taushi. A wurinmu iya zama da mutane ginshiƙi ne, shi ake fara dubawa kafin a ba mutum 'ya ko sarauta ko amanar shago. In muka kwaso lafazin Turanci muka ce "ƙwarewa mai laushi", mun kwaso har da rainin da ke cikinsa ba mu sani ba.

"Ai harshe aro yake yi"

Na san za a ce da ni haka. Hausa ta ari kalmomi daga Larabci da Turanci da Barbarci da Azbinanci, ba ta mutu ba, me zai hana "bashi mai laushi" ya zauna har kunne ya saba?

Ba na faɗa da aro. Mota da tebur da asibiti duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Amma sun shigo ne inda babu mai wurin, suka zo da ma'ana ɗaya. Laushi kuwa yana da gidansa da iyalinsa a Hausa tun kafin Bature ya zo. In muka ce majinyaci ya yi laushi, jikinsa ya yi rauni ke nan. In ɗan dambe ya yi laushi, ya kusa faɗuwa. In mai taurin kai ya yi laushi, ya fara sauka daga kan bakansa. Wanda ya ji "bashi mai laushi" da waɗannan ma'anonin zai auna shi, kuma babu ɗaya a ciki da ta kai shi ga kuɗin ruwa da wa'adin biya.

Gwada juya abin ka gani. Garin tuwo mai laushi, Bature ba ya kiransa *soft*, *fine* yake cewa. Nama mai taushi *tender* ne a wurinsa. Mafi ban mamaki, yawancin aikin da *soft* ke yi a Turanci, a Hausa sanyi ne ke yinsa: sanyin murya, sanyin hali, zuciya ta yi sanyi. To ka je ka gaya wa Bature cewa matarka *cold* ce, kana nufin mai sanyin hali. Abin da zai ji shi ne ba ta da tausayi, ba ta da fara'a. Ba wanda zai yarda a yi wa Turanci wannan fassarar, za a ce kuskure ne a ja jan biro. Me ya sa in aka yi wa Hausa irinta sai a ce ci gaban harshe ne?

Kuma muna da shaidar cewa in an zauna an yi tunani ana dacewa. Kalmar *software*, wadda masanin lissafi John Tukey ya yi amfani da ita a rubuce a 1958, an ƙirƙire ta ne don ta zama kishiyar *hardware*, wato ƙarafan kwamfuta da ake taɓawa. Masu fassararmu ba su ce "kaya masu laushi" ba. Sun duba aikin da abin ke yi, suka ce manhaja. Yau yaro da tsohuwa duk sun san manhajar da ke cikin wayarsu.

"Ɗakin labarai ba ya jira"

Wannan uzurin yana da ƙarfi, ba zan raina shi ba. Labari yakan iso da Turanci saura minti 10 a shiga studiyo, mutum ɗaya ne zai fassara, shi ne zai karanta, albashin kuma ba ya kai wata. Na tausaya wa duk mai wannan aiki.

Sai dai lafuzzan nan ba su da yawa, kuma su ne dai suke ta dawowa. Gidan rediyo zai iya zama na yini ɗaya ya tsayar da fassarar guda 20, a liƙa a bango.

Ga *soft landing*, misali. Asalinsa saukar kumbo lafiya ba tare da ya tarwatse ba, kamar yadda kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Luna 9 ya fara yi a duniyar wata a 1966. Masana tattalin arziki suka are shi don bayyana yadda babban banki ke shawo kan hauhawar farashi ba tare da ya jefa ƙasa cikin karayar arziki ba. Misalin da suka fi kawowa shi ne na Amurka a 1994 zuwa 1995, lokacin da Babban Bankin ƙasar ƙarƙashin Alan Greenspan ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 3 zuwa kashi 6 cikin 100, tattalin arzikin kuma bai durƙushe ba. A bakin 'yan siyasar Nijeriya kuwa lafazin ya sake riga: a ba wane *soft landing* yana nufin a sauke shi daga muƙami cikin rufin asiri, ba bincike ba tonon silili. Ma'ana uku ke nan, kowace da fassararta. Mai sauraro yana da haƙƙin sanin cewa ta ukun ake nufi in ita ake nufi, domin kuɗinsa ne ake rufa wa asiri.

Haka *soft power*, lafazin da Joseph Nye na Jami'ar Harvard ya fito da shi a 1990. Yana nufin ƙasa ta sa wasu su so abin da take so ta hanyar farin jininta, da al'adunta, da makarantunta, ba da bindiga ko kuɗi ba. Na sha jin "ƙarfi mai laushi", wanda ba ya nuna komai. Alhali Bahaushe ya fi kowa sanin abin a aikace. Tun 1957 Birtaniya ke yi masa magana da harshensa ta BBC, Jamus da Sin suka biyo a 1963, Amurka a 1979, Faransa a 2007. Ba don Allah kaɗai ƙasashen nan suka kashe kuɗi a kan sashen Hausa ba. Ka ce masa "cin zuciyar mutane ba da yaƙi ba", ko "tasiri ta hanyar farin jini", nan take zai ce ai ya gane, har ya ba ka misali da finafinan Indiya.

"To a bar ta da Turancinta mana"

Matasa da yawa haka suke yi, kuma a hira tsakanin waɗanda suka iya harsunan biyu ba ni da ja. Lafazin *soft life* ma daga shafukan sada zumuntar 'yan Nijeriya ya yaɗu zuwa Amurka da Ingila, yana nufin rayuwar hutu, ba wahala ba tashin hankali. Mu ma mun ƙara wa kalmar ɗaki a gidanta.

Amma barin kalma da Turanci ba ya fassara ta, ɓoye ta yake yi. Na taɓa jin wani matashi yana kare shan wiwi da cewa ai ko Turawa sun ce *soft drug* ce. Rabe-raben nan yana da asali: a 1976 ƙasar Holan ta gyara dokarta ta raba ƙwayoyi gida biyu, ta sa wiwi a rukunin da take ganin hatsarinsa bai kai na hodar iblis da irinta ba. Ma'auni ne na doka a wata ƙasa, yana cewa wannan bai kai wancan ba. Bai ce babu illa ba. Yaron nan ya ji *soft*, ya tuna katifar da aka koya masa a aji uku, ya yanke wa kansa hukunci. Da an ce masa "mai ƙarancin hatsari in an gwada da hodar iblis", da kalmar hatsari ta shiga kunnensa.

"Ana fama da yunwa da rashin tsaro, kai kana zancen kalma"

Wannan ita ce maganar da ta fi yi mini ciwo, domin rashin tsaron ne ma ya sa na ɗauki alƙalami.

Jami'an tsaro suna da lafazin *soft target*. Suna faɗarsa duk lokacin da aka kai hari makaranta ko kasuwa ko tashar mota ko wurin ibada. An faɗe shi bayan sace 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilun 2014. An faɗe shi bayan kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disambar 2020. Ma'anarsa ita ce wurin da jama'a ke taruwa kuma ba mai gadinsa, wanda maharin zai shiga ya fita ba tare da ya gamu da turjiya ba.

Duba abin da ke cikin lafazin. Akwai amsa laifi a ciki. Jami'in da ya ce makaranta *soft target* ce, ya faɗa da bakinsa cewa an san babu tsaro a wurin. In tafinta ya ce "wuri mai laushi", ya goge wannan amsa laifin gaba ɗaya. Uban da ɗansa ke kwana a makarantar zai ji kamar wata siffa ce ta ƙasar wurin, ba zai tashi ya tambayi shugaban makaranta ina katanga, ina maigadi, ina ofishin 'yan sanda mafi kusa ba. In kuwa aka ce masa "makarantar tana cikin wuraren da ba su da tsaro, masu sauƙin kai wa hari", gobe da safe za ka gan shi a bakin ƙofa.

Roƙona ga malaman Turanci na sakandare shi ne su ware darasi guda kan kalmar nan. A rubuta *soft* a tsakiyar allo, a jera lafuzza 10 a gefe, a ce kowane ɗalibi ya nemo kishiyar kowanne, sannan ya faɗe shi da Hausar da kakarsa za ta gane ba tare da ya furta laushi ko taushi ba. Masu gidajen rediyo kuma su ba editocinsu yinin nan guda. Dattijon nan ya sauka a Unguwa Uku, kuma har ya ɗauki jakarsa yana cewa in dai ba a biya, to a ƙaro.